Bututun Iskar Motar Malam Buba

Ku samarin da kuke zuwa gareji da waya a hannu, kuna nuna mini wani yana haɗa wa mota bututun iska cikin minti goma har da kiɗa, ku sami benci ku zauna. Na haura shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin mota, bakwai a Kurfi wajen maigidana, sauran a nan Dutsin-Ma. Wannan bututun da kuke cewa ai roba ce kawai da kilif biyu, shi ne aikin da ya cinye mini suna. Bakanike kuwa ba shi da wata kadara sai sunansa. Shi ke kawo mota bakin gareji, in ya ɓaci sai ka wuni da sufana a hannu kana kallon motoci suna wucewa.

Aikin farko da maigidana Malam Iro ya yarda na taɓa, bayan na shekara ina wankin noti da kananzir, shi ne yankan bututun salansa. Na yanka da zarto na kai masa, ina jin na zama wani abu. Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa babban yatsa ya zagaya bakin yankan, ya miƙo mini ya ce in shafa da kaina. Na shafa, ƙarfen ya tsaga mini yatsa. Ya ce, "To haka za shi tsaga roba, haka ɓurɓushin shi za shi hwaɗa cikin inji. Ɗauki magagari." Ranar har la'asar bakin bututu ɗaya nake gogewa. Malam Iro da yatsa yake duba aiki, ba da ido ba. In ka miƙa masa yanka, yana shafawa zai gaya maka wanda ya yi shi a cikinmu.

A gidansa na ci tuwo shekara bakwai. A gabana aka haifi ɗansa Mannir, ni na riƙa ɗaukarsa a wuya zuwa kasuwa. Ranar da aka yaye ni, Malam Iro ya ba ni akwatin sufanu, ya kuma maimaita mini dokar da duk wanda ya koyi aiki a hannun magabata ya sani. In ka buɗe bonet ka tarar da ɓarnar wani bakanike, ka gyara ka yi shiru, ba ka kiran sunansa a gaban mai mota. In kuwa ɗan gidanku ne, wanda kuka fito hannun maigida ɗaya, to ko wuƙa aka sa maka a wuya ba ka tona shi a cikin mutane. Sai dai ka bi shi daga baya, ku biyu, ka wanke shi tas. Na ɗauki dokar nan da gaske, ina zaton kowa ma haka ya ɗauke ta.

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin kowa ita ce kuma shekarar da hanyoyin ƙauye suka yi wuyar bi saboda ɓarayin daji. Direbobi suka daina gyara na gaskiya, sai ɗaure-ɗaure da waya da robar taya. Mutum zai kawo maka mota birki ya ƙare, ya ce a lallaɓa masa zuwa kasuwa mai zuwa. Makanikai da dama suka ajiye sufana suka koma haya da babur. Ni ban tafi ba, don har lokacin in aka ce aikin Rabe ne, wato nawa, direba yana ɗaukar hanya hankali kwance.

A cikin wannan hali Malam Buba ya zo mini. Bafulatani ne daga wajen Karofi, amma Hausa ta fi zama a bakinsa. An kore masa shanu, 'yan da suka rage ya sayar ya sayi tsohuwar a-kori-kura, yana ɗauko tumatir da tattasai daga masu noman rani a madatsar ruwan Zobe, da wake da dawa daga Karofi da Kutawa. Injinta ya gaji, yana shan fetur kamar an huda tanki, yana hayaƙi har mutanen baya su sauka idanunsu jawur. Na ce masa wannan inji ya gama zamaninsa. Ya je ya haɗa abin da zai haɗa, muka samo inji ɗan Kwatano na ƙaramar mota, mai injekta, wanda ba ya shan mai sosai.

Ɗora injin ya ci mana kwana tara, amma ba shi ne labarin ba. Da muka gama sai ga bakin da inji yake shaƙar iska a buɗe, ba komai a kansa. Masu sayar da inji tsirara suke ba ka shi, ba sa haɗawa da akwatin tace iska. Ko da sun haɗa ma ba zai shiga ba, don batir da lagireto sun cinye wurin. Sabo kuwa, Malam Buba ya riga ya kakkaɓe aljihu. Na san abin da wasu suke yi a nan: su ɗaure bakin da tsumma ko guntun gidan sauro, su ce Allah ya kiyaye hanya. A kan jar ƙasar Kutawa, injin da aka yi wa haka ba ya ganin damina biyu, ƙura za ta shiga ta goge ringi sai ka ji yana tari. Na ce masa ya ba ni kwana uku, zan haɗa masa da abin da ke ƙasa.

Na fara da awon bakin injin, inci uku ne cif. Duk bututun da za ka sa dole ya kai haka tun daga farko har ƙarshe. In ka rage ko da kaɗan ka shaƙe inji, zai tashi lafiya a gareji, amma ranar da aka loda buhun wake ya fuskanci hawa, nan za ka ji yana nishi. Daga nan na tafi wajen 'yan gwangwan na yi ta tono har na samu tukunyar tace iska ta wata matacciyar tarakta, mai murfi da noti ɗaya. Na ɗauke ta na shiga shago-shago, ina neman filtar da za ta zauna a cikinta daram, kuma wadda ake samu ko'ina da araha. Ba amfanin ka sa wa talaka filtar da sai an aika Kano.

Guntun da ke kusa da inji na ƙarfe na yi, don zafin wurin yana narkar da roba. Mai walda ya haɗa mini gwiwa biyu, ni kuma na zauna da waya da tsumma da yashi ina wanke cikinsa, saboda walda tana barin 'yan ƙwayoyi a ciki, kuma ɗaya ta ishi ta karce silinda. Sai da farin ƙyalle ya shiga ya fito fari na yarda. Tsakanin ƙarfen da bakin inji na sa tiyon lagireton babbar mota, don inji yana rawarsa daban, jikin mota yana tasa daban, in ka haɗa su ƙam sai wani ya tsage. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai auna iskar da ke shiga. Ita ba ta son kwana kusa da ita, sai ka bar mata miƙaƙƙen wuri kamar taƙi guda, in ba haka ba ta yi wa inji ƙarya ya riƙa shaƙuwa. Wanda ke cikin wayarku bai gaya muku wannan ba, ko?

Na waje kuwa bututun famfo ne, irin na masu haɗa ruwa a gidaje. Lanƙwasa shi ma sana'a ce. Za ka soya yashi a kasko, ka ɗura a ciki ka toshe baki biyu, ka riƙa juya shi a saman garwashi har ya yi laushi, sannan ka tanƙwara shi a jikin tsohon wili a hankali. Yashin ne ke hana shi marmatsewa a kwana. Sai da na ɓata biyu kafin na uku ya fito yadda nake so. Na huda gefen motar, na fito da shi, na bi da shi jikin ƙarfen gilashin gaba har daidai rufi. Na juya bakinsa baya, na kifa masa ƙaramin kwanon silba don ruwan sama. Duk inda na yanka na bi shi da magagari har ya yi sumul.

Dalilin da ya sa na kai shi sama, na san direbobinmu. In za su wanke mota a Zobe, ba tsayawa suke a bakin ruwa su ɗebo da bokiti ba. Kutsawa suke cikin ruwan da motar har ya shanye taya, kuma ba sa kashe inji, don rabinsu kik ɗinsu ya mutu sai an tura, wa zai tura maka mota a cikin laka? Haka za a bar ta tana aiki ana watsa mata ruwa. Tsofaffin injuna suna shaƙar iska daga sama, shi ya sa suke tsira. Fistin yana matse iska, amma ba ya matse ruwa. In inji ya shaƙi ko da kofi ɗaya yana cikin aiki, sandar fistin ce za ta lanƙwashe nan take.

Da na gama na tayar da motar, na sa Malam Buba ya hau kan taya ya rufe bakin bututun da tafin hannunsa. Injin ya mutu kafin ya ƙirga uku. Na ce masa gwajin ke nan. In da akwai ko da hudar allura a wata mahaɗa, da ya ci gaba da aiki yana satar iska ta can. A gaban mai walda da wasu direbobi biyu na ce masa, "Malam Buba, filta kaɗai za ka riƙa canzawa. Bututun ga, kada ka bari kowa shi taɓa shi." Ya ce in Allah ya so ba mai taɓawa.

Wata biyar motar nan tana aiki ko atishawa ba ta yi ba. Matsalar ɗaya ce, abin ba shi da kyau a ido, wannan ni ma na sani. Farin bututun famfo ne da kwano a ka. 'Yan tasha kuwa ba a ba su dama. In ya shigo sai ka ji an ce ga mai famfo ya iso, a kawo jarkoki. Wani ya ce motar Buba ta fara shan lofe. Da ma can suna yi masa kallon ɗan daji wanda sanda ya sani ba sitiyari ba, sai abin ya riƙa cin sa. Wata rana ya zo ya tsuguna gefena ina aiki, ya ce, "Malam Rabe, ba yadda za a ɓoye abin ga a ciki? Wallahi dariya ta yi mani yawa." Ni kuma bakina ba shi da linzami. Na ce in kwalliya yake so ya sayo kwalli ya sa mata, ni inji nake tsarewa. Ya tashi ya tafi. Nan kam na yi kuskure. Da na ajiye sufana na yi masa bayanin ruwa da fistin yadda na yi muku yanzu, wataƙila da ba mu kai inda muka kai ba.

Kwana biyu bayan ƙaramar Salla shugaban makanikai ya kira ni a waya, ya ce in zo Kurfi. Motar Malam Buba ta sha ruwa a Zobe ranar jajiberi wajen wanki, inji ya buga, an jawo ta garejin Mannir, kuma an kai ƙarata. Mannir lokacin ya girma, shi ke riƙe da garejin mahaifinsa, don Malam Iro ya tsufa, ido ya yi rauni, ba ya fita sai masallaci.

Na tarar da su ƙarƙashin dalbejiyar gareji: shugaba, dattawan sana'a huɗu daga garuruwan biyu, Malam Buba a zaune kansa a ƙasa, Mannir a tsaye jikin motar. An fito da Malam Iro an ba shi kujera. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina ya ce, "Rabe ne? Allah shi yi albarka."

Mannir ya buɗe bonet ya ce, "Ku duba nan. Bututun hwamho ne aka haɗa da gam. Mahaɗar ga ta buɗe, ruwa ya bi ta nan. Ni ban ce Yaya Rabe bai iya aiki ba, amma kayan hwamho ba kayan mota ba ne."

Na matsa na duba. Bututun yana nan a tsaye har rufi, da kwanonsa. Amma daidai inda ya fito daga gefen motar akwai mahaɗar da ni ban yi ba. A wurin nan bututuna miƙe yake ba yanka. An yanke shi da zarto, an mayar an liƙa da gam a gaggauce, gam ɗin ko gama bushewa bai yi ba. Na kwanta na leƙa bayan bamba. Ga sabuwar huda, ga guntuwar waya a ɗaure, ga laka ta bushe a jiki. Ba sai an gaya mini ba. An yanke na saman, an karkato bakin ƙasa an ɓoye shi bayan bamba, daidai gwiwar mutum. Motar tana shiga ruwa ta zuƙe shi. Da aka jawo ta sai aka cire na ƙasan aka mayar da nawa, don in ɗauki laifin.

Na san kuma abin da ya rufe bakin Malam Buba. A gaban shaidu na hana shi bari a taɓa. In ya ce ya kai an taɓa, asarar tasa ce shi kaɗai, kuma motar nan ita ce shanunsa na ƙarshe.

Shugaba ya ce, "Rabe, mi ka gani?"

Maganar tana bakina. Amma wanda zan kira sunansa ɗan gidanmu ne, ga mai mota zaune, ga jama'a sun fara taruwa. Sai na yi abin da na ga zai fitar da ni ba tare da na karya doka ba. Na fizge bututun daga wurin liƙin, na kai wa Malam Iro, na ce, "Maigida, ka duba mana."

Ya karɓa. Ya sa babban yatsa ya zagaya bakin yankan. Bakin nan kaca-kaca yake, duk zaren roba, ko yaron da ya yi wata uku a hannunsa ba zai kawo masa irinsa ba. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Na ga yatsan ya tsaya. Ni kuma zuciyata ta kwanta, don na san ya gane, kuma na san mutumin da ya koya mini aiki.

Ya ɗora bututun a cinyarsa ya ce, "Idona ba shi gani yanzu. Ku yara ku duba."

Wallahi da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi. Shekara bakwai ban taɓa ganin ya duba aiki da ido ba. Dattawan nan huɗu ma sun sani, biyu daga cikinsu a hannunsa suka koya. Ba wanda ya miƙa hannu ya karɓi bututun. Ɗaya ya shiga gyaran hularsa, ɗaya ya ce a yi haƙuri da juna. Sai na fahimci an bar mini zaɓi: ko in tona ɗan maigida a gaban maigida, ko in haɗiye.

Shugaba ya sake tambaya, "Rabe, bututun ga naka ne?"

Na ce, "Nawa ne."

"Kana da ta cewa?"

Na ce, "Babu."

Aka yanke cewa ni zan tayar da injin. Aka yi fatiha aka watse. Mannir ya zo ya miƙo mini hannu, ya ce, "Yaya Rabe, ka yi haƙuri, sha'anin aiki ne." Bisa doka ya kamata in bi shi daga baya in wanke shi. Na bi shi kuwa, bayan gareji, mu biyu. Na ce masa na ga hudar bayan bamba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai san wata huda ba, kuma ai magana ta ƙare a gaban manya.

Na jawo motar Dutsin-Ma na sauke injin. Sandunan fistin biyu sun lanƙwashe, fistin ɗaya ya tsage, laka har cikin bawul. Ina da wani inji irinsa da na daɗe ina tarawa guntu-guntu, da niyyar in haɗa wa kaina mota. Shi na farke na ɗebi kaya. Kwana goma sha ɗaya ina kai, Malam Buba yana zaune a benci kullum tun safe. A rana ta uku ina wanke silinda ya matso ya ce, "Malam Rabe, ka yahe mani don Allah. Ana jibi Salla na kai ta Kurhi. Na so in shiga gari da ita ba a yi mani dariya ba. Mannir ya ce ƙasa ma ta hi samun iska mai sanyi."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To ka yahe?"

Na ce, "Ka je tasha ka hwaɗi abin da ka hwaɗa mani, sannan ka dawo ka tambaye ni."

Ya ce to. Bai je ba. Na gama injin, na sake lanƙwasa sabon bututu na kai shi rufi kamar na farko, don ba zan ɓata aiki saboda haushi ba. Ya ɗauki motarsa, daga ranar ko ta gaban garejina ya daina bi. Har yau tana aiki, ina jin ƙararta in ta wuce ta bayan kasuwa.

Labari kuwa ya riga ya zagaya. A tasha ba wanda ya ce an yanke, abin da aka ce shi ne Rabe ya amsa da bakinsa a gaban manya. 'Yan ƙalilan da suka ga motar ba bututu ranar jajiberi sun ce ba ruwansu da rigimar makanikai. Masu manyan ayyuka suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani Alhaji mai motoci uku, wanda na yi wa aiki tun yana da ɗaya, ya aiko direbansa ya kwashe injin da na riga na buɗe, a buhu. Aka bar ni da canjin baƙin mai da ɗaurin salansa. Sunana ma ya canza, na koma Rabe Mai Famfo, har yara masu tallar ruwa da shi suke kirana.

Da Malam Iro ya kwanta ciwon ajali na je Kurfi na duba shi sau biyu. Na zauna gefen tabarmarsa ina jira ko zai ce wani abu, ko da ni da shi ne kawai. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Dutsin-Ma. Da ya rasu na yi masa salla, na ɗauki makararsa da kafaɗata. Ban taɓa zaginsa ba kuma ba zan fara yau ba. Amma haushin yana nan, ban ɓoye muku ba. Dokar da ya koya mini, ni kaɗai ta ci.

Yanzu ku fita titi ku ƙirga a-kori-kura nawa ke yawo da bututu a gefe har rufi. Da canjin inji ya yawaita, Mannir ya fara yi. Tukunyar tarakta, gwiwar ƙarfe, tiyon lagireto, yashi mai zafi, duk yadda ya gani a motar da ta kwana a garejinsa. Abin da ya ƙara shi ne yana fesa masa baƙin fenti, ya sa murfin roba maimakon kwano. Direbobi har layi suke yi, suna kiransa aikin Kurfi.

Watan jiya wani direba daga Kutawa ya tsaya nan da motar da aka canza wa inji, bakin iskarta ɗaure da safa. Ya ce ya je Kurfi layi ya yi yawa, ga kaya suna jiransa a Zobe. Ya ce, "Baba Rabe, ko za ka iya kwaikwayon irin na Mannir? Sai dai don Allah kar ka yi mani irin naka, an ce naka shina shan ruwa."

Na dube shi. Yaro ne, bai san komai ba, abin da ya ji ya faɗa. Tun safe kuma ba motar da ta tsaya. Na ce masa ya buɗe bonet, zan gwada.